Nauyin Niyutirino da Awon Jinina

Maitumbi, Minna.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da nawa, kuma da safen nan na ji ki kina kokawa da zif ɗin akwati. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a inda za ki sauka, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Na zaɓi rubutu ne saboda in muka zauna magana ba ma kaiwa ƙarshe. Ke ki fara hawaye, mahaifiyarki Nna ta shigo ta ce an tayar mini da jini, ni kuma in koma zancen wutar lantarki. To ga maganar da ta tsaya tsakaninmu. Kin ce ba za ki hau jirgin Jamus ba sai na gaya miki gaskiyar jikina. In ciwon ƙodata ya kai inda kike tsoro, za ki rubuta wa mutanen can su ba wani gurbin karatunki. Kin kuma ce kin san halina, in na ce "lafiya lau" ba za ki karɓa ba. Kina da gaskiya. Zan ba ki amsa, amma sai kin bi ni ta doguwar hanya, don malamin makaranta ko ya yi ritaya ba ya iya ba da amsa bai nuna yadda aka same ta ba.

Bari in fara da aikin da za ki je yi, yadda na fahimce shi. In na karkace ki gyara mini. Akwai wani ƙanƙanin abu da ake kira niyutirino. Yana fitowa daga rana da wasu wurare, ya ratsa bango, ya ratsa mutum, ya ratsa ƙasa gaba ɗaya ya fita ta ɗaya gefen bai ce wa kowa sannu ba. Ba a tara shi a ɗora a sikeli, saboda haka mutanenki suka zagaya. Suna da wata iska, nau'in haidurojin mai nauyi da ake kira tiritiyam, wadda ƙwayarta take fashewa da kanta. In ta fashe takan jefo abu biyu, ilektron, wato ƙwayar lantarki, da shi niyutirinon, su raba ƙarfin fashewar a tsakaninsu. Ilektron ana iya kama shi a auna. Sai a yi ta kamawa, ana neman waɗanda suka kwashi kaso mafi tsoka. Ko mafi haɗamar cikinsu ba zai cinye duka ba, don dole a bar wa niyutirino abin da zai zama nauyin jikinsa. Wannan ɗan giɓin shi kuke nema. Ni na ɗauke shi kamar yara biyu a kwano ɗaya, ɗaya ba a ganinsa, sai dai a lura wanda ake gani bai taɓa samun lomar ƙarshe ba.

An gina tankin ƙarfe da ya fi gidan nan girma, an zuƙe iskar cikinsa, mutane daga ƙasashe da yawa sun shafe shekaru a kai, kuma har yau iyakar abin da suke iya cewa shi ne nauyin bai wuce kaza ba. Daga wasu gwaje-gwaje daban an san ba sifili ba ne. Yana nan tsakani, a ina, ba a sani ba. Ranar da kawunki Ndagi ya zo daga Bida yi miki sallama, kin tuna abin da ya ce da Hausarsa ta Bida: "Uwani, wannan abu da kai za ka auna, kilo nawa ne? In kun gama ka kawo mana lambar mu ma mu sani." Kika yi dariya kika ce insha Allahu. Ni ban yi dariya ba, saboda na san mai yiwuwa ki gama karatun ki dawo ba lamba a hannunki, sai dai "bai wuce kaza ba" da ya ɗan ƙara matsewa. Na kuma san abin da mutum yake yi in ana jiran lamba daga wurinsa kuma ba shi da ita. Na yi shi shekaru, har albashi ake biya na a kai.

Lokacin da nake koyar da kimiyyar lissafi a makarantar nan ta wajen Chanchaga, akwai gwajin da ba ya wuce kowace shekara. A ɗaura ɗan dunƙulen ƙarfe a zare, a sake shi yana lilo, yaro ya riƙe agogon gudu yana ƙirga, daga nan a fitar da ƙarfin jan ƙasa. Amsar kusa da goma ce, kuma kowane yaro ya san haka tun kafin ya taɓa zaren. Saboda haka muke yin abin da a makarantarmu ake kira ɗinki: ka fara daga amsar ka koma baya, ka yanka lambobin awo daidai jikinta. Ni nake koya musu, yadda aka koya mini. Har ƙwarewa nake nunawa a ciki. Nakan ce kada ku bari ta fito cif, mai maki zai gane, ku ɗan karkatar da ita kamar aikin hannun mutum. Yara suna ci, iyaye suna godiya, shugaban makaranta yana ambaton sunana a taron safe. Ban ɗauke shi ƙarya ba. Na ɗauke shi taimako.

Sai aka turo mana sabon malami, Mista Bulus, mutumin kudancin Kaduna, siriri mai yawan gumi. Ya sa ajinsa suka yi awon da gaske, kowa ya rubuta abin da ya gani. Ya same ni a ɗakin malamai da takardun a hannu.

"Oga, wannan agogo naku ba ya da lafiya fa."

Na ce, "Yaran ne ba su iya ba. Ka nuna musu yadda ake yi."

Ya ce, "In yara ne, wasu za su yi sama, wasu su yi ƙasa. Duba mana, duka sun tafi gefe ɗaya."

Muka ɗauko agogunan muka gwada su da na hannunsa. Kusan duk na cikin kwalin suna jan ƙafa. Damina bayan damina a ɗakin ajiya mai yoyo ta cinye cikinsu. Shekaru ina raba su ga yara, ba wanda ya sani, saboda ba wanda ya taɓa barin agogon ya yi magana. Amsar da ta fito a karkace ita kaɗai ta gaya mana wani abin da ba mu sani ba. To ki riƙe wannan: in awonki ya fito ba yadda kike so ba, kada ki yi saurin goge shi, kada kuma ki yi saurin zargin kanki. Ki duba ta wane gefe ya karkata, ki tambayi na'urar abin da ke damunta. In babu abin da ke damunta, ki rubuta shi yadda ya zo.

Shi ya sa ranar da kika ba ni labarin yadda mutanenki suke ɓoye wa kansu amsa na fara da dariya. Kin ce kafin a taɓa ainihin awon, sai an gama tsara hanyar lissafi a kan lambobin kwaikwayo, a yi gardama a kai, a amince, a kulle, sannan a buɗe na gaskiya, kuma duk abin da ya fito shi ke nan. Na ce manyan mutane masu digiri bisa digiri suna wasan ɓuya da kansu. Amma da na kwana da maganar na gane ba rashin yarda da juna ba ne. Sun san hannun mutum yana ɗinki ko mai shi bai sa shi ba. Kin ce har an taɓa samun lissafi ya faɗa ƙasa da sifili, abin da ba zai yiwu ga nauyi ba, suka buga shi haka, suka bayyana cewa rawar awo ce. A ajina da na ba su sifili na kira iyayensu. Ki bi wannan tsarin da zuciya ɗaya, ko ranar da ya ba ki haushi. Musamman ma ranar.

Kuskurena na biyu ke kika kama ni a ciki, saboda haka ba sai na tsawaita ba. Littafin da na yi karatu da shi ya ce niyutirino ba shi da nauyi ko kaɗan. Na kwafe shi a takardun darasina, na yi ta faɗa wa aji bayan aji da muryar da ba ta barin tambaya. Kin dawo hutu daga jami'a, muna cin tuwo, na maimaita shi. Kika ajiye cokali.

"Baba, an gano yana da nauyi fa, tun ina goye."

Na ce littafi bai ce haka ba.

Kika ce, "Littafin ya girme ni, Baba."

Nna ta yi dariya har ta ƙware. Laifin ba na littafin ba ne, shi ya faɗi abin da aka sani a zamaninsa. Laifina shi ne na cire "a iya saninmu" daga gaban maganar, don na ga yara sun fi girmama malamin da ba ya shakka. Ke kada ki cire ta. In an tambaye ki abin da ba ki sani ba, a ɗakin taro ne ko a tsakar gidan kawunki, ki ce ban sani ba, ki ƙara da iyakar abin da kika sani. Kuma ki shirya wa ranar da wata yarinya za ta gaya miki cewa aikinki ya girme ta. Wasu za su zo da na'urar da ta fi taku su matse iyakar da kuka sa. Wannan ba faɗuwa ba ce, haka aikin yake tafiya.

Akwai ƙananan abubuwa da zan sako a nan kafin in manta. Za ki shiga cikin mutane masu yawa, sunanki zai zama ɗaya a cikin dogon jeri, ƙila aikinki na shekaru ya kasance gano dalilin da ya sa wani ɓangare na tankin yake kawo hayaniya a awo. Kada ki raina shi, kada kuma ki kumbura shi in kina ba mu labari. In ba ki gane abu ba ki tambaya a ranar. Ni na yi wata guda ina gaisawa da Mista Bulus sama-sama saboda ya gyara ni a gaban mutane, alhali shi ko a jikinsa. Daga baya shi ya koya mini yadda ake lissafa kuskuren awo, abin da ya kamata in sani tun ina ɗalibi. Har yau in ya zo Minna a gidan nan yake cin abincin rana. Wanda ya nuna miki inda kika karkace ki riƙe shi, ko ba addininku ɗaya ba, ko ba ya iya magana mai daɗi. Ki kula da sallarki, an ce lokutan can suna miƙewa suna tsukewa da yanayi, ki nemi wanda ya sani ki tambaya. Kuka da daddawar da Nna ta ƙulla miki kada ki bar su a baya don kunyar wari, za ki neme su.

Yanzu na uku, wanda ya kawo mu nan. Kin san shi, kowa a gidan nan ya san shi, amma ban taɓa jera shi kusa da na farkon ba sai yau. Da aka ce ina da hawan jini aka sayo na'urar awo, nakan zauna a falo da safe in ɗaura ta a hannu, Nna tana madafa. Takan ɗaga murya ta ce, "Malam, nawa?" In lambar ba ta yi mini ba, sai in ce tana zuwa. In huta, in sake. In sauya hannu. In kwanta a doguwar kujera in rufe ido in tuna abu mai daɗi, in sake. Wadda ta fi ƙanƙanta ita nake faɗa mata, ta ce alhamdu lillahi ta zuba gishirinta yadda ta saba. Ban taɓa faɗin lambar da na'urar ba ta nuna ba, da wannan nake kare kaina. Zaɓe kawai nake yi. Ashe zaɓe ma ɗinki ne, zaren ne kawai ya fi siriri.

Ƙoda kuwa ba ta jin abin da ake faɗa a falo. Ita duk lambobin take karɓa, har da waɗanda na yar. Da ƙafafuna suka fara kumbura muka je asibiti, likitar ta duba sakamakon jini, ta saurari lambobin da Nna ta ce ina samu a gida, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, na'urarku ce ta lalace, ko kuwa?"

Na ce, "Na'urar lafiyarta ƙalau, likita."

Ba ta ƙara tambaya ba. Muka hau keke muka dawo gida. Darasin a nan gajere ne. Wanda kike wa ɗinki don kada hankalinsa ya tashi, kin hana shi yin abin da zai iya yi ne tun da sauran lokaci. Da Nna ta ji lamba ta farko da ta rage gishiri tun shekarun baya, da ta tisa ni gaba zuwa asibiti.

To ga amsar tambayarki, ba ɗinki. Ƙodata ta rasa kaso mai yawa na aikinta, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ba a kai ga wankin ƙoda ba tukuna. Likita ta ce in na riƙe magani da abinci, jinin ya zauna, tana iya tsayawa a haka shekaru. Tana kuma iya gangarawa da sauri ba tare da ta yi sallama ba. Na matsa mata ta ba ni lamba, na ce ina da 'ya mai tafiya, ina bukatar abin da zan gaya mata. Ta ce ba ta da lambar, kuma ba za ta ƙirƙiro mini ba. Na ji haushinta a ranar. Yanzu ina ganin da ta yi karatu a ajina da ba ta ci gwajin lilo ba, kuma da ta fi ni gaskiya.

Saboda haka ban sani ba ko za ki dawo ki same ni. Mai yiwuwa ne ki same ni a kujerar nan ina gardama da rediyo. Mai yiwuwa ne kuma ba haka ba. Abin da ya rage mini ba sifili ba ne, ba kuma mai yawa ba ne, tsakani yake, Allah kaɗai ya san inda. Ina jin tsoro wani lokaci, ba zan ɓoye miki ba. Kewarki kuma na fara ta tun kina cikin gidan.

Duk da haka ki tafi. Zamanki a Maitumbi ba zai sauya ko ɗigo a aikin ƙodata ba. Ba likita ba ce ke, kuma Nna da ƙaninki Sadiƙu sun ishe ni tsaro, har sun yi mini yawa. In kika zauna, abin da zai faru shi ne ki riƙa kallon fuskata kowace safiya, ni kuma in riƙa gyara ta saboda ke, mu koma gidan jiya. Ba na so in zama dalilin da za ki riƙa bayarwa nan gaba in an tambaye ki me ya hana.

Amma ba zan ce ki tafi a kan maganata kawai ba, don maganata a kan jikina ta riga ta zube. Na ari tsarin mutanenki. Daga yau ba ni nake duba na'urar ba. Nna za ta ɗaura mini, ta juya fuskar na'urar wajenta, awo ɗaya, ta ɗauki hoto ta tura miki kafin ni in gani. Mai kyau ko marar kyau, ba maimaitawa. Mun kuma kulle ƙa'idar tun yanzu, kafin wata lamba ta zo ta sa mu fara lanƙwasa ta: ranar da likita ta ce a fara wankin ƙoda, ko ta ce a kira yara, Nna za ta kira ki a ranar, ba sai ta nemi izinina ba, kuma in na ce a bari ki gama jarrabawa kada a saurare ni. Na faɗi haka a gaban kawunki Ndagi da Sadiƙu. In kiran ya zo ki taho. In bai zo ba ki zauna ki yi aikinki, kada ki riƙa auna muryata a waya kina neman abin da ba a faɗa ba.

Ni ma ina da nawa sharaɗin. In na tambaye ki ya kike, ki ba ni awo na farko. In sanyi ya dame ki, ko aikin ya tsaya, ko kin yi kuka a ɗaki, ki faɗa haka nan, kada ki huta ki sauya hannu ki ba ni mai daɗin. Kuma in kin gama kin dawo da "bai wuce kaza ba" kaɗai, ki kawo shi da kanki a ɗage. In ina nan ni zan yi wa kawunki bayani. In ba na nan ki yi masa da kanki, ki yi haƙuri da shi, zai sake tambayar kilo nawa.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare mutuncinki da imaninki, ya buɗe miki abin da ya rufu, ya ba ki haƙurin abin da bai buɗu ba. Allah ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin son zuciya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. In da rabon mu sake ganawa, Allah ya sa cikin alheri.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Malam Idrisu.

Kafin in naɗe takardar Nna ta shigo da na'urar. Ta ɗaura, ta juya ta wajenta, sau ɗaya. Ta duba, sannan ta ɗauki hoto ta tura miki. Hannuna ya kai wajen maɓallin don in sake, ta buge shi. Ban tambaye ta nawa ba. Kin riga ni sani yanzu, yana cikin wayarki. Ki duba, sannan ki je ki ƙarasa rufe akwatin.